Sharhi: Jami'a A Gwagwalada, Gona A Yangoji, Ina Jari Ya Dosa?

Daga Gwagwalada zuwa Sheda, daga Kwali zuwa Yangoji a kan hanyar Abuja zuwa Lokoja, allunan masu sayar da fuloti sun kusa fin kunyoyin doya yawa a gefen titi. Filayen da Gbagyi da Ganagana da sauran manoman yankin suka gada ana ta zagaye su da katangar bulo, galibi da niyyar gina ɗakunan haya. Wannan sauyi yana da tushe, kuma ya kamata masu jari su dube shi da idon basira kafin su ƙara zuba dukiya.

Idan ba a manta ba, an kafa Jami'ar Abuja a 1988, ta kuma fara karatu a 1990 a harabarta ta wucin gadi da ke Gwagwalada, tun kafin gwamnatin tarayya ta tare a sabon babban birni ranar 12 ga Disamba, 1991. Asibitin ƙwararru na garin daga baya ya zama asibitin koyarwa na jami'ar. A Sheda, cikin ƙaramar hukumar Kwali wadda aka ƙirƙiro a 1996, akwai Cibiyar Lissafi ta Ƙasa, da Hukumar Bincike da Raya Ilimi ta Ƙasa, da cibiyar kimiyya da fasaha ta SHESTCO. A Kwali kuma akwai Kwalejin Gwamnatin Tarayya. Da wuya a sami wani yankin karkara a arewacin ƙasar nan, in ban da Samaru, da ya tara cibiyoyin ilimi irin haka a kan titi guda.

Amma ina amfanin wannan tarin ilimi ya tsaya? Bisa ga dukkan alamu ya tsaya ne a hayar ɗaki, da shagon kwafin takardu, da gidan abinci, da acaba. Babu laifi a cikin waɗannan sana'o'i, sun kuma rufa wa dubban iyalai asiri. Sai dai dukkansu a kan igiya ɗaya suke rataye, wato zaman ɗalibi a gari. A 2020 yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU ya ɗauki kusan wata 9, daga Maris zuwa Disamba. A 2022 ya sake ɗaukar wata 8, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Mai gidan haya da ya ci bashin banki ya gina ɗakuna bai sami wanda zai kai wa kuka ba, domin banki ba ya shiga yajin aiki. Bugu da ƙari, da jami'ar ta mayar da yawancin tsangayoyinta zuwa mazauninta na dindindin a kan hanyar filin jirgin sama, wani kaso na ciniki ya bi ta can. Wanda ya sayi gona a Yangoji yana jiran ɗalibai su iso, ya sani cewa garin jami'ar arewa yake matsawa, shi kuwa yana kudu.

Akwai kuma batun takarda, wanda dillalai ba su cika son a tayar ba. A Birnin Tarayya, bisa dokar 1976 da ta kafa shi, ƙasa a hannun gwamnatin tarayya take, kuma Ministan Abuja ne ke da ikon ba da shaidar mallaka. Takardar da mai unguwa ko dagaci ya sa wa hannu ba ta hana rusau. Manomi ya rabu da gonarsa, mai saye bai mallaki fili ba, dillali ne kaɗai ya koma gida da la'ada.

Samaru ta Zariya ta nuna wata hanya dabam. Tashar binciken aikin gona da aka fara a can tun 1922 ta shiga ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, kuma daga wannan cibiya ta IAR aka fitar da irin masara da dawa da wake da gyaɗa masu ɗauke da sunan garin, irin su SAMMAZ da SAMSORG da SAMPEA da SAMNUT. Ba a banza ba kamfanonin iri suka yi sansani a Zariya, kuma manomin Giwa ko Soba ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa in tsutsa ta faɗa wa gonarsa. Ɗalibai sukan tafi hutu, malamai sukan yi yaji, amma cinikin iri da hatsi damina yake bi.

Haka abin yake a gundumar Tompkins ta jihar New York a Amurka, yankin karkara mai tafkuna, inda garin Ithaca ke zaune a ƙarshen tafkin Cayuga. Jami'ar Cornell, wadda aka kafa a 1865, ita ce babbar mai ɗaukar ma'aikata a gundumar, kuma can ma jama'a na kokawa da tsadar haya. Abin da ya bambanta shi ne an ɗora wa jami'ar nauyin koyar da aikin gona tun daga tushe, tana da malaman gona a gundumomin jihar, kuma daga tashar bincikenta ta Geneva aka fitar da irin tuffa da dama da manoma ke ci da su har yau.

Kwali ba ta da tafki irin na Ithaca, amma tana da fadamun kogin Usuma da na Gurara, tana da doya da rogo da riɗi da masara da shinkafa, ga kuma kiwon tarwaɗa da kaji da ke ƙara samun gindin zama. Kasuwa kuwa a ƙofar gida take: ɗakunan girkin makarantun kwana, da asibitin koyarwa, da otal-otal na Gwagwalada, da birnin Abuja kansa. Tun da aka janye tallafin man fetur a Mayun 2023, kuɗin dako ya zama babban kaso na farashin abinci, don haka mai kawo ƙwai ko garin rogo daga Yangoji yana da rata a kan mai kawowa daga Ibadan. Abin da ya yi ƙaranci shi ne rumbun ajiya, da injin sarrafa rogo, da wurin ƙyafe kifi mai tsabta, da ɗan kasuwar da zai ƙulla yarjejeniya da ƙungiyar manoma tun kafin shuka, ya ba su iri da taki, ya karɓi amfani a farashin da aka amince.

Cibiyoyin ilimin ma suna da nasu kason laifin. A Sheda aka gina na'urar haskaka abinci da hasken gamma, wadda aikinta ya haɗa da hana doya da albasa tsiro a ajiya. Abin mamaki ne a ce irin wannan na'ura tana maƙwabtaka da manomin da ke sayar da doyarsa da arha a kaka don tsoron ruɓewa. Jami'ar tana da tsangayar aikin gona da ta likitan dabbobi, kuma babu abin da zai hana ɗaliban ajin ƙarshe yin aikinsu na gwaji a gonakin Yangoji da Kwaita maimakon a kan takarda.

Masu jari za su ce tsaro fa, da wutar lantarki? Tambaya ce mai nauyi. Ƙauyukan Kwali sun sha fama da masu satar mutane, kuma ba wanda zai kafa injin niƙa inda ma'aikacinsa ba zai kwana da ido biyu rufe ba. Wannan nauyi ne a wuyan Hukumar Birnin Tarayya, kuma 'yan kasuwa sun fi samun kunnen hukuma in sun je a ƙungiyance da tsari a hannu. Majalisar ƙaramar hukumar Kwali da Etsu Kwali suna da ikon kiran zama da shugabannin jami'ar da na cibiyoyin Sheda, a fitar da filin da za a keɓe wa masana'antun sarrafa amfanin gona, a nemo masa takardar Minista, kafin masu yanka fuloti su kai bakin fadama.