A Daina Yi wa Mai Ciwon Hanta Tsaga da Ƙaho

'Yan'uwa, a ƙauyukanmu idan cikin mutum ya kumbura, idanunsa suka yi rawaya, sai a ce jininsa ya ɓaci, a aika a kira wanzami ya fitar da mugun jini. Jinin ya ɓaci kam. Amma fitar da shi sau da yawa shi ke ƙarasa mara lafiya.

Ga dalili. Kusan kashi 1 cikin 4 na jinin da zuciya ke turawa ta hanta yake bi. Hanta ce ke yin abin da ke sa jini ya daskare ya toshe rauni, ita ce kuma ke yin abin da ke riƙe ruwa cikin jijiyoyi. In ciwo ya daɗe, hanta takan taurare kamar busasshiyar fata. Sai jini ya yi ruwa-ruwa, jajayen ƙwayoyinsa su ragu, waɗanda suka rage kuma su yi tauri, su riƙa ratsa ƙananan jijiyoyi da ƙyar.

Tun da hanya ta toshe, jini yakan taru a baya kamar ruwan da aka datse a fadama. Saifa ta kumbura, ta tsare ƙwayoyin da ke toshe rauni. Ruwa ya cika ciki. Jijiyoyin maƙoshi su kumbura, wata rana su fashe, mutum ya yi aman jini, ko ya yi bayan gida baƙi ƙirin kamar kwalta.

To, wanda ke cikin wannan hali, in aka sa masa aska, jini yana iya ƙin tsayawa. Askar nan kuma tana iya ɗaukar ƙwayar cutar hanta ta kai wa na gaba. Kada a ba shi asfirin, gama yana ƙara zubar jini. A kai shi asibiti tun yana iya tafiya da ƙafarsa.

Sauran aikin yana hannunmu. Tun 2004 Nijeriya ta sa allurar rigakafin ciwon hanta mai lamba B cikin alluran jarirai, ta fari kuwa ana son a yi ta cikin awa 24 da haihuwa. Ko a gida aka haihu, a kai jariri ran nan, kada a jira suna. A shanya gyaɗa da masara su bushe sarai kafin a zuba a rumbu, wadda ta yi fumfuna a zubar, domin dafinta hanta yake ci. Masu shan burkutu su ma su ji.

Dattawa da wanzamai, ku ne ake fara kira. In kun ga ciki a kumbure, ku mai da aska cikin zabira.