Labarin Duniya: In Talakawa Sun Yi Bore, Baƙo Ya Shigo da Bindiga?

Akwai wata tambaya da ke yawan tasowa a gindin radiyo. In talakawan wata ƙasa sun ce ba su son shugabansu, shi kuwa ya sa soja su harbe su, mi ya kamata ƙasashen ƙetare su yi? Su zura ido, ko su aiko da jiragen yaƙi? Wanga wata filin zai duba abin da ya faru a Libiya cikin shekarar 2011. Libiya maƙwabciyar Nijar ce. Iyakar da ta haɗa su ta kai kusan kilomita 350, can arewa cikin jihar Agadas. Garuruwa da yawa na Tawa da Damagaram da Maraɗi suna da ɗa ko ƙane da ya taɓa zuwa biɗa can. Saboda haka labarin ga ya shafi manoma da makiyaya.

Yadda abin ya fara

Kanar Gaddafi ya kama mulkin Libiya ranar 1 ga Satumba 1969, ya yi shekara 42 bisa gado. Ƙasar tana da man fetur mai yawa. Da kuɗɗin man anka yi hanyoyi da gidaje, anka jawo ruwa daga ƙarƙashin hamada zuwa birane. Baƙi sun samu aiki a gonaki da wurin gini da kiwo. Amma Gaddafi ba ya son a ja da shi. A 1996 an kashe fursuna fiye da 1,000 a gidan kaso na Abu Salim, cikin Turabulus, babban birnin ƙasar.

A farkon 2011 talakawan Tunisiya da na Masar sunka kori shugabanninsu da zanga-zanga, ba tare da sojan waje ba. Ranar 15 ga Fabrairu mutanen Bangazi, birni na biyu a Libiya, sunka fito su ma, domin an kama lauyan da ke tsaya wa iyalan waɗancan fursuna. Anka buɗe masu wuta. Cikin ƴan kwanaki gabashin ƙasar ya fita daga hannun Gaddafi, masu bore sunka ɗauki makamai. A watan Maris sojojinsa sunka komo da ƙarfi har ƙofar Bangazi. Ya yi jawabi ya ce za a bi gida gida, kuma babu tausayi ga wanda ya ƙi aje makami.

Hujjar masu cewa a shiga

Masu cewa a shiga suna da hujja mai nauyi. Sun tuna da Ruwanda. A 1994 an kashe mutum wajen 800,000 a can cikin kwana 100, duniya tana kallo. Akwai sojojin Majalisar Ɗinkin Duniya a ƙasar, amma sai anka rage su maimakon a ƙara. Sun ce bai kamata a sake irin wannan ba. Masu boren Bangazi da kansu sun nemi taimako. Ƙungiyar ƙasashen Larabawa ita ma ta roƙi a hana jiragen Gaddafi tashi.

Ranar 17 ga Maris kwamitin tsaro na Majalisar Ɗinkin Duniya ya zamna. Ƙasashe 10 sunka yarda a yi amfani da ƙarfi domin kare farar hula. Cikinsu akwai na Afirka guda 3: Najeriya, Gabon da Afirka ta Kudu. Ƙasashe 5 sunka ƙi cewa i ko a'a: Rasha, Sin, Jamus, Indiya da Burazil. Ranar 19 ga Maris jiragen Faransa sunka fara jefa bam, na Ingila da Amurka sunka biyo baya. Daga baya ƙungiyar sojojinsu da ake kira OTAN ko NATO ta karɓi aikin. Sojojin Gaddafi ba su kama Bangazi ba.

Inda anka wuce gona da iri

Izinin da anka ba su na kare farar hula ne. Amma jiragen ba su tsaya nan ba. Sun ci gaba da buɗe wa ƴan tawaye hanya har wata bakwai.

Tarayyar Afirka ta nemi wata hanya. Ta naɗa kwamiti na shugabannin ƙasashe 5: Mali, Muritaniya, Kongo, Uganda da Afirka ta Kudu. A watan Afrilu kwamitin ya je Libiya da shawarar a tsaida wuta a zamna a yi magana. Gaddafi ya ce ya yarda. Ƴan tawaye sunka ƙi, domin shawarar ba ta ce ya sauka ba, kuma ba su amince da alkawarinsa ba. Wanda jiragen manyan ƙasashe ke bayansa ba ya gaugawar sulhu. A watan Mayu shugaban Nijar na lokacin, Mahamadu Isufu, ya gargaɗi manyan ƙasashe a wani taro a Faransa cewa in hukumar Libiya ta rushe, abin zai faɗa wa maƙwabta. Ba a saurare shi ba.

Turabulus ta faɗi a watan Agusta. An kashe Gaddafi a garin Sirte ranar 20 ga Oktoba. Ranar 31 ga Oktoba jiragen waje sunka koma gida.

Wa ya ɗauki nauyin?

Na farko su ne ƴan ci-rani. An yi ta zargin baƙar fata da cewa sojojin haya ne na Gaddafi. An kama wasu, an ƙwace wa wasu kayansu. Dubban ƴan Nijar sunka gudo ta Dirku da Agadas bisa manyan motoci, da yawa hannu banza. Gwamnatin Nijar ta ce waɗanda sunka komo sun kai wajen 200,000. Mutumin da ke aiko da kuɗɗin hatsi ya zama ƙarin baki a gida. Ga shi daminar 2011 ba ta yi kyau ba, an shiga 2012 da ƙarancin cimaka.

Na biyu, rumbunan makamai na Libiya sun zamna babu mai tsaro. Bindigogi sunka bazu cikin hamada. Arewacin Mali ya san tawaye tun 1963, amma mayaƙan da sunka komo daga Libiya da manyan makamai sun ƙara wa wutar ice. A Janairu 2012 yaƙi ya ɓarke. A watan Maris soja sunka kifar da gwamnati a Bamako, sannan Kidal da Gawo da Tumbutu sunka faɗa hannun masu makamai. Ranar 23 ga Mayu 2013 anka kai hari barikin soja na Agadas da ma'aikatar uraniyom ta Arlit. Makiyayi ya san abin da yawan bindiga a daji ke nufi: satar bisashe, rufe hanyar kiwo, da kasuwar da ba ta ci.

Na uku su ne ƴan Libiya da kansu. A 2014 ƙasar ta rabu gida biyu, hukuma guda a yamma, guda a gabas. An sake yaƙi a bakin Turabulus a 2019. Zaɓen da anka shirya a Disamba 2021 bai yiwu ba.

Waɗanda sunka aiko da jiragen sun yi magana daga baya. A 2016 shugaban Amurka Barak Obama ya ce babban kuskuren mulkinsa shi ne rashin shirya abin da zai biyo bayan faɗuwar Gaddafi. A wannan shekarar kuma wani kwamiti na majalisar dokokin Ingila ya ce an zuzuta haɗarin da farar hula ke ciki, kuma aikin ya juya daga kare mutane zuwa sauya mulki.

Abin lura

Misalin abin kamar maciji ne ya shiga rumbu. Mai gida ya yi kuwa. Wani baƙo ya zo ya sa wa rumbun wuta. Maciji ya mutu, hatsi ya ƙone, iska ta kai wutar rumbun maƙwabci, baƙo kuwa ya hau dokinsa ya tafi. Mai gida bai yi laifi ba da ya nemi taimako. Laifin yana ga irin taimakon da anka kawo mashi.

A ƙauye, in faɗa ya tashi tsakanin manomi da makiyayi, mai rabo yakan shiga tsakani, ya karɓe sanda, ya kai su wurin mai gari. Ba ya taya ɗaya dukan ɗaya. Haka ya kamata tsakanin ƙasashe. In ana kashe talakawa, daidai ne duniya ta yi magana, ta hana sayar wa mai kisa makamai, ta buɗe hanya ga masu gudun hijira, ta matsa a zamna teburi. In ya zama tilas a sa ƙarfi, to a tsaya iyakar tsaida kisa. Zaɓen wanda zai yi mulki aikin ƴan ƙasa ne, domin mai ɗaki shi ya san inda yake mashi yoyo.

Kafin kowace ƙasa ta shiga faɗan wata, akwai tambaya uku da ya kamata ta amsa. An gwada sulhu har ƙarshe? An shawarci maƙwabta, waɗanda wutar za ta fara kamawa? Wa zai tsaya ya gyara in faɗa ya ƙare? A Libiya an jefa bam kafin a amsa ko ɗaya daga cikinsu.

Masu karatu a cibiyoyin yaƙi da jahilci suna iya tattauna wannan magana tare da malaminsu. In akwai wanda ya komo daga Libiya a garin, a gayyato shi ya faɗi abin da ya gani da idonsa. Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai rai.