Kafin Mu Shiga Gidan Abinci da Abin Shanmu, Mu Fara Magana da Mai Gida



Lokacin bukukuwa ya sake zagayowa. A irin wannan lokaci ne mutanenmu ke yawan kama gidajen abinci da ɗakunan taro a nan Legas, domin walimar aure, ko liyafar suna, ko karrama wani da ya samu ƙarin girma. A irin wannan lokaci ne kuma ƙorafi iri ɗaya ke yawan isowa ga shugabannin ƙungiya. An je da katan-katan na lemo, ko kuloli cike da zoɓo da kunun aya, masu wuri sun tare a bakin ƙofa sun ce sai an biya kuɗi kafin a shiga da su. Wani lokaci su bari a shiga, sai an gama ci a ga sun ƙara kuɗin a takardar biya. Daga nan sai cacar baki a gaban baƙi, taron farin ciki ya watse kowa rai a ɓace.

Matsayinmu a kan wannan a fili yake. Duk wanda zai shiga wurin sana'ar wani da abin shansa, ya fara neman izini, a yi ciniki, a rubuta abin da aka amince, sannan a biya. Ɓoye kwalabe cikin jakar mata ko ƙarƙashin tebur bai dace da mu ba, komai tsadar da muke gudu.

Bari mu fara da asalin kuɗin, domin da yawa na zaton wata dabara ce da 'yan Legas suka ƙirƙiro don su cuci Bahaushe. Ba haka ba ne. Al'adar ta samo asali ne daga ƙasashen Turawa, inda ake cin abincin dare da giyar inabi. Mutum kan so ya sha wata kwalba ta musamman da ya ajiye a gida, sai ya tafi da ita gidan abinci. Masu gidan su karɓa, su cire mata toshiya, su kawo kofuna, su zuba masa, sannan su caje shi wani abu a kan kowace kwalba. Daga sunan wannan toshiya ta bakin kwalba aka samo kalmar da kuke ji masu ɗakunan taro na faɗa, wato kokej. Mu sai mu ce kuɗin buɗe kwalba. A Ostireliya abin ya zama ruwan dare, har gidajen abinci na rubutawa a ƙofa cewa an yarda mutum ya zo da tasa. Haka ma a birnin Montiriyal na Kanada. A Ingila kuwa, da yawa daga gidajen abincin 'yan asalin Pakistan da Bangaladash a Birmingham da gabashin Landan ba sa sayar da giya, sai dai wanda ke sha ya zo da abarsa. Ko'ina ka duba ƙa'idar ɗaya ce, mai gida ne ke faɗin ko ya yarda, da kuma nawa zai karɓa. Babu inda baƙo ke yanke wa kansa hukunci.

Da al'adar ta iso nan, sai ta wuce kan giya. Yau ɗakin taro a Ikeja ko Surulere na iya cajin kuɗin buɗe kwalba a kan lemo, da ruwan roba, da ruwan inabi marar bugarwa irin su Eva da Veleta da ake ɗorawa a teburin amarya, har da zoɓon da aka dafa a gida. Shi ya sa mu da galibinmu ba ma shan giya muka tsinci kanmu cikin maganar.

To, me ya sa suke karɓa? Duk wanda ya taɓa sayar da abinci ya san ribar tana ga abin sha. Farantin shinkafa da kaza na cin gas, da mai, da kayan miya, da hannun mai dafawa, idan bai sayu ba kuma gobe ya lalace. Kwalbar lemo ba ta bukatar komai sai sanyi, kuma tana iya yin watanni a ajiye. A ƙasashen da ake shan giyar inabi, gidan abinci kan sayar da kwalba ninki biyu ko uku na kuɗinta a kanti, da wannan ribar yake rufe gurbin da abinci ya bari. A nan ma haka lissafin yake. Daga ribar abin sha ake biyan haya, da albashin masu hidima, da man janareta, da kuɗin wuta. Mu tuna a watan Afrilun 2024 an ƙara wa masu rukunin A kuɗin lantarki daga kusan naira 68 zuwa naira 225 a kan kowane ma'auni, bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023. Firjin da ke sanyaya lemon da na'urar da ke sanyaya ɗakin duk da wannan wuta suke aiki.

Akwai kuma abin da ke cikin takardar biya wanda ba na mai gidan ba ne. Harajin kayan masarufi na tarayya kashi 7.5 ne cikin ɗari tun watan Fabrairun 2020. Jihar Legas kuma na da nata harajin kashi 5 cikin ɗari a kan abin da aka ci aka sha a otal, da gidan abinci, da ɗakin taro, bisa dokar da ta yi a 2009. Wato idan aka ci abincin naira 100,000, za a iya ganin ƙarin naira 12,500 wanda na gwamnati ne. Sau da yawa fushin da muke saukewa a kan yaron da ya kawo takarda, rabinsa ma bai shafi ubangidansa ba, balle shi.

Mu kawo misalin gida. Ɗan uwanmu mai shayi a Obalende ko Agege ya shimfiɗa teburinsa, ya jera benci, ya kunna fitila. Sai ga mutum huɗu sun zo da filas ɗinsu da burodinsu, sun cika benci, sun ce ya ba su kofi da cokali da ɗan sukari, sun sayi ƙwai biyu kawai suka zauna awa guda suna hira, masu saye na tsaye suna jira. Wane ne a cikinmu zai ce an yi wa mai shayin nan adalci? Abin da ba za mu yarda a yi wa namu ba, bai kamata mu yi wa Bayarabe ko Ibo ko ɗan Labanan da ya zuba jarinsa a gidan abinci ba.

Mun san hujjojin da ake kawowa, kuma wasu na da nauyi. Ana cewa ai ba sa sayar da kunun aya ko fura da nono, to me muka rage musu? Amsa ita ce wanda ya sha kofi biyu na kunun aya ba zai ƙara sayen lemo ba, cinikin ya tafi ke nan. Sannan kofunan nasu ne, ƙanƙarar tasu ce, yaransu ne za su kwashe robobi su goge tebur. Akwai ma abin da ya fi wannan damunsu. Kunun aya ba ya jure zafi, idan aka haɗa shi da asuba ya sha cunkoson hanya cikin bayan mota, kafin la'asar yana iya juyawa. Idan baƙi suka koma gida da ciwon ciki, ba wanda zai ambaci kular da aka shigo da ita. Sunan gidan abincin za a kira, shi za a yaɗa a waya.

Ana kuma cewa wasu wuraren na tsawwalawa, kuɗin buɗe kwalbar ya kusa kai kuɗin kwalbar kanta. Wannan gaskiya ne, kuma ba ma goyon bayansa. Amma maganin tsada ciniki ne, idan ba a daidaita ba a nemi wani wuri. Mu da muka rayu a kasuwar Mile 12, da mayankar Oko-Oba, da wuraren canji, ba za a koya mana ciniki ba. Wanda ya zo da baƙi 80 yana da bakin magana. Kafin ya ba da kafin alƙalami ƙarfi na hannunsa, bayan an ci an sha kuwa ƙarfi ya koma hannun mai gida. Kuskuren da ake yi shi ne a yi shiru lokacin da magana ke da amfani, sai a ɗaga murya lokacin da ba ta da shi.

Saboda haka ga abin da muke ba 'yan ƙungiya shawara. Ranar da aka je duba wuri a tambaya kai tsaye ko an yarda a shigo da abin sha daga waje, wane iri, kuma nawa. A tantance ko kuɗin a kan kowace kwalba ne, ko katan, ko kula, ko dunƙule ɗaya na taron gaba ɗaya, domin dunƙulen ya fi sauƙin lissafi kuma ya fi hana rigima. A tambaya ko kofuna da ƙanƙara da masu zubawa na ciki. A nemi sassauci ta hanyar raba ciniki, misali mu sayi ruwa da lemo a wurinsu, su bar mu mu shigo da zoɓo da kunun aya kyauta ko a kan ɗan abu kaɗan. Yawancin masu wuri sun fi son rabin ciniki da su rasa taron baki ɗaya. Duk abin da aka amince a sa a rasit ko a saƙon WhatsApp daga manajan, domin wanda aka yi magana da shi ranar Talata ba lallai shi ne a bakin ƙofa ranar Asabar ba. Abincin jariri, da abin shan mai ciwon sukari, da dabinon buɗa baki a watan azumi, waɗannan ma a ambace su. Da wuya a samu mai hanawa, amma faɗin shi ne mutunci. Matambayi ba ya ɓata.

Akwai ɓangare na biyu da ya fi wannan nauyi, shi ne lokacin da kwalbar da aka shigo da ita giya ce. Muna zaune cikin mutane masu addinai da al'adu daban-daban, muna ciniki da su, muna gayyatarsu suna gayyatarmu. A wurin wasu abokan hulɗarmu, zuwa liyafa da kwalbar giyar inabi mai tsada girmamawa ce ga mai gayyata, ba su nufin cin fuska. Idan irin wannan baƙo ya ajiye kwalbarsa a teburin da dattawanmu da malamanmu ke zaune, kowa zai shiga tsaka mai wuya. A karɓa ba zai yiwu ba, a mayar masa a bainar jama'a kuma ya ji kunya, wataƙila hulɗar shekaru ta lalace a dare ɗaya. A nan ma maganin ɗaya ne, a yi magana tun da wuri. Layi ɗaya a katin gayyata cewa ba za a sha giya a wannan taro ba ya wadatar, a kuma sanar da manajan wurin kada a buɗe wa kowa a teburanmu, kada kuma a sa kuɗin buɗe ta a lissafinmu. Idan mu aka gayyata, babu laifi mu gaya wa mai gayya tun kafin ranar cewa ba ma sha, ya san inda zai zaunar da mu. Mutane sun fi girmama wanda ya faɗi matsayinsa cikin ladabi tun farko fiye da wanda ya tsuke fuska a tsakiyar cin abinci. A kuma riƙa karanta jikin kwalba kafin a zuba, domin ruwan inabi marar bugarwa da mai bugarwa kwalabensu na kama da juna ƙwarai.

Dalilin da ya sa muka ɗauki wannan magana da muhimmanci shi ne sunanmu. A gida, idan mutum ya yi rigima a gidan abinci sunansa za a kira. A nan kuwa cewa za a yi Hausawa sun zo sun yi kaza. Wake ɗaya ke ɓata gari. Abin da mutum ɗaya ya yi don ya tsira da 'yan dubbai, shi ne zai sa gobe a ƙara wa wani ɗan uwa kuɗin ajiya, ko a ce masa ranar da yake so an riga an kama. Iyayenmu sun yi suna a wannan gari da riƙon amana, ana ba su shanu da goro bashi a kan kalmar baki. Bai kamata mu zubar da wannan a kan katan ɗin lemo ba.

A ƙarshe, akwai alheri a cikin lamarin ga mai lura. Idan gidajen abinci ba sa sayar da zoɓo da kunun aya, alhali ana nemansu, to kasuwa ce ke jiran mai shiga. Matanmu da ke wannan sana'a a Idi-Araba da Agege za su iya haɗa kai, su samu robobi masu hatimi, su nemi rajistar NAFDAC, su riƙa kai wa gidajen abincin da kansu. Ranar da zoɓonmu ya shiga jerin abin da ake sayarwa a wurin, babu sauran maganar kuɗin buɗe kwalba a kansa, kuma ribar ta dawo gida. Ƙofar ƙungiya a buɗe take ga duk masu son a zauna a tattauna yadda za a fara.

Duk mai shirin taro da ke son a raka shi wajen ciniki da masu wuri, ya sanar da shugabannin unguwarsa tun da sauran lokaci. Allah ya sa albarka a bukukuwanmu, ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu, ya kare mana mutuncinmu a duk inda muke. Amin.

Sakataren Ƙungiya