Tsarabar Abokin Nesa

A al'adar Bahaushe, tsaraba ita ce ɗan abin da matafiyi kan riƙo wa 'yan'uwa da abokai daga inda ya fito. Alhaji kan dawo da dabino da ruwan zamzam da carbi. Wanda ya je Maiduguri kuwa, turaren wuta da hula ake sa ran gani a jakarsa. Idan zuwa ya gagara, sai a ba da saƙo a hannun mai tafiya.

A 'yan shekarun nan, wasu matasa sun ari ɗabi'ar Turawa ta aika wa aboki na nesa da furanni. Babu shakka fure yana da kyan gani, kuma a Turai kowa ya san ma'anarsa. Sai dai mai aikawar bai ko taɓa shi ba. Kuɗi kawai ya biya, wani kanti ya zaɓa ya kai. Furannin da ake sayarwa a Turai ma, da yawansu a Kenya ake noma su, a gefen tafkin Naibasha. Bayan mako guda kuma sun yi yaushi, an zubar.

Abin da ya dace shi ne mai kyauta ya tambayi kansa: me abokin nan ya rasa a inda yake? Bakatsinen da ke bautar ƙasa a Kalaba zai fi murna da kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa da yaji. Wanda ya daɗe a Ingila har ya hayayyafa, littafin Magana Jari Ce na Abubakar Imam zai taimaka wa 'ya'yansa su riƙe harshensu. Amma a lura, dokar Ingila da ta Amurka sun hana shigar da nama daga Nijeriya, saboda haka kilishi a filin jirgi zai tsaya.

Wani zai ce irin wannan saƙo yana da wahala, ga neman mai tafiya, ga jira. Gaskiya ne, amma wahalar ce ke nuna wa aboki cewa an damu da shi. Bahaushe ya ce zumunta a ƙafa take. Idan ƙafa ba ta isa ba, to a ƙulla abin da aka san yana kewa, a haɗa da wasiƙar da aka rubuta da hannu.