Ɗakin Ɗaukar Waƙa da Haƙƙin Maƙwabci

A Nima da Mamobi samarinmu na mayar da ɗakin da ba kowa ciki wurin ɗaukar waƙa. Ba mu ga laifinsu ba. Ai daga Nima ƙungiyar VIP ta fito, har ta lashe kyaututtuka a Ghana Music Awards a 2004. Yau kuwa kwamfuta da makirufo sun isa a fara.

Sai dai a gidajenmu na Zango, bango ɗaya ne tsakaninmu da maƙwabci. Kwalin ƙwai da soso da ake mannawa a bango ba sa hana ƙara fita. Iyakar aikin soso rage amsa-kuwwa cikin ɗaki. Ƙofa mai kauri da toshe kafofin taga su ne ke tare ƙara. Dumin ganga kuwa ta bango da daɓe yake ratsawa.

Don haka a nemi izinin mai gida tukuna. A kashe sifika lokacin salla da lokacin da yaranmu ke bitar jarrabawar BECE. Bayan isha'i a haɗa sauti da abin sawa a kunne. Zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki. Allah ya sa mu gane.