Raddi Ga Masu Cewa Kifi Daidai Mazubinsa Yake Girma

Tun da rashin tsaro ya raba manoma da dama a Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa da gonakinsu na nesa, wasu suka koma neman abin kai wa bakin salati a tsakar gida, da tankin tamfol da 'yan tarwada. Ana cikin haka sai ga wani ɗan'uwa da ake jin maganarsa a harkar yana cewa wai kifi daidai mazubinsa yake girma, saboda haka in tarwada ta tsumbure ba laifin kowa ba ne, haka Allah ya yi ta. Ya zo da hujjoji, dole kuwa a amsa masa su, domin mai ƙaramin jari ne zai kwana a ciki.

Hujjarsa ta farko ita ce jan kifin adon nan da ake sakawa a kwalbar gilashi a falo, wanda yake shekara bai wuce tsawon yatsa ba. Malam, ai wannan hujja a kanka take. Kifin nan, wanda asalinsa daga ƙasar Sin ne, in ya samu ruwa mai faɗi da tsabta yana kai santimita 30, ya kuma haura shekara 10 a raye. Na cikin kwalba ba haƙura ya yi da girma ba, ciwo ne ya tsayar da shi. Kifi yana fitar da sinadarin amoniya ta gaɓɓan numfashinsa da ke gefen kai, ragowar abinci da kashinsa su ruɓe su ƙara wani. A ɗan ƙaramin ruwa gubar nan taruwa take, ta ƙona masa wurin numfashi, ya daina cin abinci, ɗan ƙarfin da ya samu ya ƙare a kare rai. Ruwan ne ya lalace, bangon mazubi bai yi komai ba.

Sai ya ce ƙananan da ake gani a tanki jinsin wadanni ne. Wadannin kifi na gaskiya akwai su. A shekarar 2006 masana suka bayyana wani kifi daga fadamun Sumatra a Indonesiya, wanda macensa ke balaga ba ta cika milimita 8 ba, lafiyarta ƙalau. Tarwadarmu ba ta cikin wannan sahu. Wadda ta samu kulawa tana iya kusantar kilo guda cikin wata biyar zuwa shida. Ɗauko tsumburarriyar ka riƙe ta a tafin hannu: ƙaton kai, jiki kamar tsinke, ciki a shafe, gashin baki a gutsure saboda cizon 'yan'uwanta. Wannan kamannin yunwa ne. Tarwada tun tana ƙarama wasu ke yi wa sauran fintinkau, su mamaye abinci, har su haɗiye na ƙasa da su. Shi ya sa masu kiwo na ƙwarai suke tantance su kusan duk mako biyu a farkon zubi, manya gefe, ƙanana gefe. Gaskiya ɗaya da zan ba shi ita ce, iri mara kyau yana jawo naƙasa, musamman in an yi ta haɗa dangi ɗaya wajen ƙyanƙyasa. Amma maganin wannan a sauya wurin sayen 'ya'yan kifi, ba a naɗe hannu ba.

Ta ukun ta fi ɓata mini rai. Wai tarwada tana rayuwa a taɓon kududdufi da rani, don haka sauya ruwa ɓarna ce. Haka ne, tana da wata gaɓa a kanta da take shaƙar iska kai tsaye, shi ya sa ba ta saurin mutuwa. To, rashin mutuwa shi ne girma? Na san wahalar ruwa a garuruwanmu, na san kuɗin jarka a hannun 'yan garuwa. Wanda ruwansa kaɗan ne ya rage yawan kifin da zai zuba. Ya kuma lura da hunturu, domin tarwada ta fi ci da girma in ɗumin ruwa yana tsakanin digiri 26 da 30. A sanyin Disamba da Janairu cinta raguwa yake, abincin da aka watsa ya nutse ya ɓata ruwan. Dusa zalla ma ba ta gina kifi, ƙanana na bukatar abinci mai furotin wajen kashi 40 cikin 100.

Batun karfasa kuwa, da ya ce cikar tanki da 'ya'ya riba ce, mai saye a kasuwar Funtuwa zai ba shi amsa. Karfasa a matsattsen wuri da wuri take fara haihuwa, uwar ta riƙe ƙwai a baki ba ta ci, tanki ya cika da ƙananan da ba mai taya su. Dalilin da ya sa ake kiwon maza zalla ke nan.

Ina roƙon ɗan'uwanmu ya janye wannan magana a gaban waɗanda ya faɗa wa. Masu kiwo kuma su nemi malaman gona na ƙananan hukumominsu, ko bayanan cibiyar binciken kifi ta ƙasa da ke New Bussa a Jihar Neja, kafin su sake zuba kuɗinsu a tanki.