Shafin Intanet da Makaho Ba Zai Iya Shiga Ba, Aiki ne da Ba a Gama Ba

A farkon shekarar 2023, lokacin da sauya fasalin naira ya jawo ƙarancin takardun kuɗi, shawara ɗaya aka riƙa ba kowa: a koma waya. Haka ma rajistar jarabawa da neman aikin gwamnati da biyan kuɗin makaranta, duk sun koma intanet. Sai dai masu gina waɗannan shafuka sun ɗauka cewa duk mai zuwa wurinsu yana da ido biyu masu gani, da kunne mai ji, da yatsun da ba sa rawa.

Makaho yana amfani da waya da kwamfuta, kuma ya daɗe yana yi. Akwai manhajoji masu karanta masa abin da ke kan allo da murya: TalkBack a wayoyin Android, VoiceOver a iPhone, sai NVDA a kwamfuta, wadda wasu makafi biyu 'yan Ostireliya, Michael Curran da James Teh, suka ƙirƙira suka kuma bayar kyauta. Amma manhajar ba ta duba. Abin da maginin shafi ya rubuta a ƙarƙashi, shi take furtawa. Idan ya sa hoton kibiya bai ba ta suna ba, makaho zai ji cewa ga maɓalli, ba tare da ya san na tura kuɗi ne ko na soke ciniki ba. Idan hukuma ta ɗauki hoton takardar sanarwa ta ɗora, da hatimi da sa hannun darakta, manhajar za ta yi shiru, domin hoto ne kawai a wurinta. Sannan ga jarabawar nan ta tantance mutum, wadda ke cewa a zaɓi hotunan da ke da fitilar hanya. Injiniya makaho mai digiri biyu zai tsaya a nan, shafi ya yanke hukuncin cewa shi ba ɗan Adam ba ne.

Abin da ke biyo baya shi ne mafi ciwo. Dattijon da ya yi shekaru yana riƙe gidansa zai miƙa wayarsa ga yaron maƙwabta, ya faɗa masa lambar sirri, yaron ya ga abin da ke cikin asusu da wanda aka tura wa. An mayar da shi ga ɗan jagora a wurin da fasaha ta riga ta 'yanta shi. Banki kuwa, in kuɗi suka ɓace, zai tuna masa cewa an gargaɗe shi kada ya bayyana lambarsa ga kowa.

Uzurin da aka saba bayarwa shi ne tsada da rashin sani, kuma dukansu ba su da ƙafar tsayawa. Ƙa'idojin WCAG, na ƙungiyar W3C mai tsara ma'aunan intanet, sun fito tun 1999, an sabunta su a 2008 da 2018 da 2023, kuma kyauta ake karanta su. Yawancin abin da suke nema ƙaramin aiki ne in an yi shi tun farko: kowane hoto mai ma'ana ya sami bayani a rubuce, kowane gurbin cike fom ya sami suna, a iya zagaya shafin da madannai ba sai da linzami ba, bidiyo ya zo da rubutu saboda kurame, launin rubutu ya bambanta da na bango da aƙalla 4.5 zuwa 1. Wannan na ƙarshen, duk wanda ya taɓa ƙoƙarin karanta rubutu mai launin toka a tsakar ranar Kano ya san amfaninsa, ko da idonsa garau yake.

Matsalar ta fi zurfi a yadda ake kallon naƙasa a ƙasar nan. An saba ɗaukar mai naƙasa a matsayin wanda ake tausaya wa, a raba masa keken guragu da buhun shinkafa gaban 'yan jarida. Mai tausayi yana bayarwa ne ranar da ya ga dama. Shi ya sa ake jin gyaran shafi kamar alheri ne da za a yi in kasafi ya rage. Alhali dokar hana nuna wariya ga masu naƙasa, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta sa tarar naira miliyan ɗaya ga kamfani, da dubu ɗari ko ɗaurin wata shida ga mutum. Ta ba gine-ginen jama'a wa'adin shekara biyar, wanda ya cika a Janairun 2024. Hankali ya tafi ga matakala da ƙofofi, a daidai lokacin da ofisoshin kansu suke ƙaura zuwa allon waya.

A Amurka, wani makaho mai suna Guillermo Robles ya kai kamfanin Domino's kotu saboda ya kasa sayen abinci ta shafinsu, kuma a 2019 Kotun Ƙoli ta ƙi sauraron ƙarar da kamfanin ya ɗaukaka. Tarayyar Turai ta fara tilasta wa bankuna da shagunan intanet bin irin waɗannan ƙa'idoji daga Yunin 2025.

A nan, mabuɗin yana hannun wanda ke sa hannu a takardar biyan ɗan kwangila. Ba a karɓar ginin da ba shi da ƙofa. Jami'in da za a miƙa wa sabon shafi zai iya ture linzami gefe, ya kunna NVDA, ya kashe hasken allo, ya gwada cike fom ɗin da kansa. In ya kasa kaiwa ƙarshe cikin minti goma, takardar biyan ta jira.